Nasiha ga 'Yata Mai Jinyar Masu Shan Maganin Tsinka Jini

 Tunda aiki ya kai ki ɗakin masu ciwon zuciya, kullum za ki riƙa haɗuwa da masu shan maganin tsinka jini. Zauna mu ɗan tattauna a kansu.

Ana ba su shi ne don kada jini ya dunƙule a jijiya, ya je ya toshe hanyar huhu ko ta ƙwaƙwalwa. Wani an sa masa bawul na ƙarfe a zuciya. Wani bugun zuciyarsa ne ya rikice. Wata kuma ƙafarta ce ta kumbura bayan haihuwa. In maganin ya yi kaɗan, ɓarin jiki na iya shanyewa. In ya yi yawa, jini ya ɓalle. A tsakanin nan aikinki yake.

Warfarin aka fi sani. Tun 1954 aka fara ba mutane shi a Amurka, kuma har yau sai da gwajin jini na INR ake tafiya da shi. Ga yawancin marasa lafiya, ana so lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3. Duba sakamakon kafin ki miƙa ƙwaya. In ya haura, sanar da likita, don akwai bitamin K da ke karya ƙarfinsa.

Amma kar ki tsaya a takarda, gani ya kori ji. Da safe in kina gyara gado, dubi hannuwa da ƙafafu ko jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Ce wa maras lafiya ya buɗe baki ki ga dasashi. Ja labule, ki sassauta murya, sannan ki tambayi launin fitsari da bayan gida. Dattijo zai ji nauyinki, ki bi shi a hankali. Baƙin bayan gida kamar kwalta alama ce ta jini na zuba a ciki.

Sannan ki yawaita tambaya. "Baba, ka sayi wani magani a kemis?" Aspirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini. Flagyl da Septrin kuwa suna ƙara wa warfarin ƙarfi. Tambaye shi jiƙe-jiƙe, da ƙaho, da tsagar wanzami, da cire haƙori. Ba taurin kai ke sa su ba, sau da yawa ba wanda ya gaya musu. In kin yi masa faɗa yau, gobe ɓoye miki zai yi, abin da aka ɓoye kuwa shi ke kawo mutum asibiti da tsakar dare.

Zogale, alayyafo da kabeji suna da bitamin K. Kar ki raba maras lafiya da miyarsa. Ya dai ci daidai yadda ya saba, kada damina ta zo ya yi ta ci, rani ya yi ya bari.

In allurar tsinka jini ta enoxaparin ce, a fatar ciki ake yi, nesa da cibiya kaɗan, kuma ba a murza wurin. Allurar tsoka kuwa ki guje ta sai da izinin likita. In kin ɗebi jini, danna audugar ki daɗe.

Ranar sallama, kira matarsa ko ɗansa su ji da kunnensu. Lokaci ɗaya ake shan maganin kullum. In ya manta jiya, kada ya haɗa biyu yau. In azumi ya gabato, a tsara lokacin shan da likita. In ya faɗi ya bugu a kai, ko haɓo ya ƙi tsayawa, a kawo shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Mace kuma ta faɗa da zarar ta yi ɓatan wata, domin warfarin yana cutar da ɗan tayi.

Sa su maimaita miki da bakinsu kafin su ɗauki jaka. Allah ya sa albarka a hannunki, 'yata.