Yadda Ake Ƙulla Labari Ya Riƙe Mai Karatu Har Ƙarshe

Marubuta da yawa masu tasowa suna da jigo mai ma'ana da Hausa mai daɗi, amma mai karatu kan ajiye littafinsu tun bai kai rabi ba. Galibi matsalar tana wajen zubi da tsari: abubuwa suna ta faruwa, amma babu wanda ya haifi wani. An yi biki, an yi haɗarin mota, an tafi Saudiyya, kowanne yana zaman kansa. Labarin da yake kama zuciya kuwa shi ne wanda kowane al'amari a cikinsa yake da dalili a bayansa da sakamako a gabansa.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan. Aristotil na ƙasar Girka ya ce dole labari ya kasance da farko da tsakiya da ƙarshe, sannan a 1863 Bajamushen marubuci Gustav Freytag ya kasa wasan kwaikwayo gida biyar. Ga yadda za ka yi aiki da waɗannan sassa a hannunka.

1. Samo mutum, ka san abin da yake nema

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, amsa tambaya uku: wane ne tauraron, me yake so, me zai rasa idan bai samu ba? A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, buƙatar tauraron, Alhaji Imam, ɗaya ce tak: ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk yawon da ya yi, da duk karonsa da Malam Zurƙe, wannan buƙata ce take jan su.

Bari mu ƙirƙiro tamu tauraruwar. Ladi uwar adashi ce a unguwarsu, mata goma ne suke kawo mata kuɗi duk mako. Abin da ta fi ji da shi a duniya shi ne sunan da ta yi na riƙon amana.

2. Yi shimfiɗa a taƙaice

Nuna wuri da lokaci da yadda rayuwa take kafin ta dagule. Kada ka tsaya ba mu tarihin kakannin Ladi. Nuna ta zaune a kan tabarma ranar kwasa, tana ƙirga kuɗi sau biyu a gaban mai su, ta ɗaure da kyauro, ta miƙa da hannu biyu. Wannan ɗan hoto ya isa mai karatu ya san ko wace ce.

3. Tayar da ƙura da wuri

Sai wani abu ya faru wanda zai hana komawa zaman da. A Jiki Magayi, attajiri Malam Shehu ne ya auri Zainabu, budurwar Abubakar. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, auren da Alhaji Abdu ya yi da Delu ne ya kai ga fitar matarsa Rabi daga gidanta da 'ya'yanta. A namu labarin, ɗan Ladi ya kwanta ciwo cikin dare, likita ya ce sai an yi masa aiki, ita kuwa babu kuɗi a gidan sai na adashi. Ta ɗauka. Kwasa saura kwana shida, kuma mai kwasar za ta aurar da 'yarta ne da kuɗin. A gajeren labari, wannan ya zo tun a shafin farko.

4. Tsananta rikici, kowace matsala ta fito daga ta baya

Nan ne mafi yawan aiki, nan ne kuma labarai suka fi mutuwa. Dabarar ita ce duk yunƙurin da tauraro ya yi na fita ya ƙara nutsar da shi. Ladi ta je wajen yayanta neman rance, saboda haka matarsa ta ji sirrin. Matar ba ta riƙe magana, saboda haka zance ya fara yawo a unguwa. Da Ladi ta ji ana ƙus-ƙus, sai ta yi rantsuwa a gaban mata cewa kuɗi suna nan. Yanzu ba bashi kaɗai ke kanta ba, har da ƙarya.

Ga gwajin da ba ya kuskure. Jera aukuwar labarinka layi-layi a takarda, ka gwada sa "saboda haka" ko "amma" tsakanin kowane biyu. Inda babu abin da ya shiga sai "sai kuma", to wurin a kwance yake. Ko ka nemo dalilin da zai haɗa su, ko ka cire ɗaya, komai daɗinsa.

5. Kai shi ƙololuwa

Ƙololuwa ita ce inda babu sauran wurin ɓuya. A Jiki Magayi, ramuwar da Abubakar ya ƙulla ce ta kai Kyauta, ɗan Malam Shehu, ga kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. A namu labarin, ranar kwasa ta zo, mata sun cika tsakar gidan Ladi, uwar amarya ta shimfiɗa mayafinta tana jira. Ladi za ta ce ɓarayi ne suka shigo, ko za ta faɗi gaskiya ta zubar da sunan da ta gina? Bar ta ta zaɓa da kanta. Kada ka aiko da wani kawu daga Legas da jakar kuɗi a daidai lokacin. Mai karatu ya biyo ta ne don ya ga halinta, in ka cece ta da sa'a ka cuce shi.

6. Warware ƙulli, ka tsaya

Nuna abin da zaɓin ya jawo. Wataƙila Ladi ta faɗi gaskiya, ta sayar da keken ɗinkinta ta biya, wasu matan suka janye, wasu suka zauna. Ƙarshe ba dole ya zama mai daɗi ba: a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar Umar ta same shi bayan doguwar wahala, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Sharaɗin kawai shi ne ƙarshen ya fito daga cikin labarin. Kuma kada ka rufe da shafin wa'azi, darasin ya riga ya isa.

7. Yi bita daga ƙarshe zuwa farko

Ajiye rubutun ya kwana biyu, sannan ka bi shi da baya. Duk abin da ya yi aiki a ƙarshe, ka tabbata ka shuka shi tun farko: in keken ɗinki ne zai fitar da Ladi, mu gan shi a ɗakinta tun a shimfiɗa. Daga nan ka ba wa wani labarin da baki cikin minti biyu. Inda ya tambaye ka "to me ya sa?" ka rasa amsa, nan ne za ka koma ka gyara.