HUSUFIN RANA DA HAKKIN MAI GIDA A KAN IYALINSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore rana da wata, kowannensu yana gudana bisa ƙa'ida. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi husufin rana ne, watau abin da Hausawa ke kira zazzaɓin rana. Dalilin ɗauko shi kuwa shi ne, a zamanin nan madubin hangen nesa ya shiga makarantu, har ya kai gidajen waɗansu ma'aikata, ga kuma rediyo yana ba da sanarwar ranar husufi tun da sauran watanni. Sai tambaya ta taso: shin ya halatta magidanci ya tara iyalinsa su kalli husufi ta madubi, ko kuwa wannan shagala ce kawai? Amsa ita ce kallon halal ne, yana ma iya zama ibada, amma da sharaɗi biyu: kada ya ɓata ido, kada kuma ya cinye lokacin salla.

ABIN DA YA FARU A MADINA

A shekara ta 10 bayan Hijira Allah ya karɓi ran Ibrahimu, ɗan Manzon Allah (S.A.W.) wanda Mariya ta haifa, bai ko cika shekara biyu ba. A ranar ce rana ta yi husufi. Sai mutane suka shiga cewa ai rana ta yi duhu ne don mutuwar Ibrahimu. Ga uba yana cikin juyayin ɗansa, ga magana wadda a zahiri girmamawa ce gare shi, amma bai bar ta ta kwana ba. Ya fita masallaci da gaggawa, ya yi wa jama'a salla mai tsawo, sa'an nan ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya umurce su idan sun ga haka su yi salla da addu'a da kabbara da sadaka da neman gafara har a yaye. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan daga sahabbai da dama, cikinsu har da Nana A'isha da Ibn Abbas da Mugira ɗan Shu'uba.

Mahmud Fasha Alfalaki, masanin taurari na Masar a ƙarni na 19, ya lissafa cewa wannan rana ta yi daidai da 27 ga Janairu, 632. Lissafin zamani ya nuna cewa a Madina ba dukan rana ce ta rufe ba, sashenta ne. Ashe ke nan husufin sashe ba ƙaramin abu ba ne, tun da irinsa ne aka yi wa wannan salla.

YADDA HUSUFI KE AUKUWA

Husufin rana yana aukuwa ne sa'ad da wata ya gitta tsakanin rana da ƙasa, inuwarsa ta faɗo bisa wani yanki na duniya. Nisan rana daga ƙasa ya kai kilomita miliyan 150, na wata kuwa wajen kilomita 384,000. Faɗin rana ya ninka na wata wajen sau 400, nisanta ma ya ninka nasa wajen sau 400, shi ya sa ido ke ganinsu kamar girmansu ɗaya, har ƙarami ya iya rufe babba. Wanda ke tsakiyar inuwa shi ke ganin cikakken husufi, wanda ke gefenta kuwa sai ya ga rana kamar an gutsure ta.

Wannan ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, kamar yadda husufin wata ba ya faruwa sai a tsakiyarsa. Abin da ya hana a gan shi kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace daga ta rana da kimanin digiri 5, saboda haka yawanci inuwar takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Duk da haka ba a yin shekara ba tare da husufin rana biyu aƙalla ba a wani wuri na duniya.

Ƙasar Hausa ta shaida wannan sau da yawa. Ran 30 ga Yuni, 1973, cikakken husufi ya ratsa arewacin Jamhuriyar Nijar. Ran Laraba 29 ga Maris, 2006, da hantsi, duhu ya rufe Gusau da Katsina, mutanen Kano da Kaduna kuwa suka ga siririn baka na rana ya rage. An kuma ga husufin sashe ran 3 ga Nuwamba, 2013, da ran 1 ga Satumba, 2016. Bisa lissafin masana, ran 2 ga Agusta, 2027, in Allah ya yarda, cikakken husufi zai bi ta Masar da Jidda da Makka, a ƙasar Hausa kuwa sashe za a gani.

LISSAFI BA GAIBU BA NE

Akwai masu ƙyamar irin wannan sanarwa, suna cewa shiga ilmin gaibu ce. Wannan kuskure ne. Suratur Rahman, aya ta 5, ta tabbatar da cewa tafiyar rana da wata bisa lissafi take, Suratu Yunus, aya ta 5, kuma ta nuna cewa an sanya wa wata masaukai ne don a san ƙidayar shekaru. Shaihu Ibn Taimiyya ya yi bayanin cewa sanin lokacin husufi kamar sanin lokacin tsayuwar wata ne, ba duba ba ne, ba bokanci ba. Malaman Musulunci ma suna cikin waɗanda suka gina wannan ilmi. Albattani, wanda ya rasu a 929, ya auna husufi a ƙasar Sham, Ibn Yunus kuma ya rubuta husufin da ya gani a Alƙahira a 977 da 978, har masana na baya suka amfana da ma'auninsa.

Akwai kuma masu cewa tun da an san sababi, to mene ne na tsoro da salla? Su ma sun kauce. Ibn Daƙiƙil Idi ya amsa musu tun da daɗewa, cewa sanin sababi ba ya kore tsoron Mai sababi. Kowa ya san lokacin faɗuwar rana da minti, amma ba wanda ya ce don haka a daina magariba. Suratul Ƙiyama ta ambaci dushewar wata da haɗuwarsa da rana cikin alamomin tashin duniya, husufi kuwa tunatarwa ce game da wannan yini.

Abin da Musulunci ya zo ya kawar shi ne camfi. A dā idan wata ya yi zazzaɓi yara kan zaga gari suna kaɗa gwangwani da ƙwarya don wai rana ta sake shi, waɗansu kuma su ce babban mutum zai mutu. Wani lokaci abin kan wuce nan. A watan Janairu na 2001, da wata ya yi husufi, waɗansu matasa a Maiduguri suka ƙona wurare suna cewa zunubin masu wuraren ne ya jawo. Annabi (S.A.W.) bai aiki kowa gidan wani ba ranar husufi, kowa ya umurta da neman gafarar zunubin kansa.

AMANAR IDO

Suratul Isra'i, aya ta 36, ta nuna cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Idon yaro kuwa amana ce a hannun ubansa, domin kowane magidanci makiyayi ne a gidansa.

To, a sani cewa husufin sashe shi ne mafi haɗari ga ido. Haske ya ragu har mutum ya iya ƙura ido, alhali abin da ya rage na rana ya isa ya ƙona tantanin gani da ke can bayan ƙwayar ido. Wannan tantani ba ya jin zafi, saboda haka yaro ba zai yi kuka ba, sai bayan sa'o'i ya fara ganin baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba, wani tabon kuwa ba ya warkewa har abada. Madubin hangen nesa ya fi muni nesa ba kusa ba, gama aikinsa tara haske ne wuri guda. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna ƙona takarda da gilashi a rana ya san abin da zai sami idon da aka ɗora a kansa.

Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da tsohon fim na hoto, da kallon rana cikin kwanon ruwa. Tabarau na musamman da aka yi don husufi yana karewa ga mai kallo da ido kawai, amma ba a sa shi a leƙa madubi. Madubi sai an rufe bakinsa na gaba da matacin hasken rana na gaskiya, mara huji ko ƙarzuwa.

A TSAKAR GIDA

A ƙaddara magidanci ne ya aro ƙaramin madubi don husufin da ke tafe. Hanya mafi sauƙi ita ce kada kowa ya leƙa. Sai ya kafa madubin, ya toshe ƙaramin madubin saiti da ke gefensa, ya juya shi wajen rana yana lura da inuwarsa a ƙasa, sa'an nan ya riƙe farin kwali a bayan wurin leƙawa. Nan da nan sai surar rana ta fito a kan kwalin, fara, kewayayya kamar faifai. Uwargida da yara har da kaka duk su gani gaba ɗaya, shi kuwa ya tsaya gadin madubin, kada ya matsa ko taki ɗaya, yana kuma kawar da shi daga rana jifa-jifa don kada ya yi zafi.

Can sai a ga baƙin gefen wata ya fara cin faifan a hankali. Sau da yawa akan ga ɗige-ɗige baƙaƙe a fuskar rana, waɗanda waɗansunsu sun fi duniyar nan girma. Idan ƙaramin yaro ya ce, “Baba, wa ya gutsure ta?”, to darasi ya samu. Sai ya ce masa, “Ba wanda ya gutsure ta, ɗana. Wata ne ya gitta, bisa umurnin wanda ya halicce su duka biyu.” Wannan ita ce koyarwar Suratu Fussilat, aya ta 37, wadda ta hana sujada ga rana da wata, ta mai da ita ga Mahaliccinsu.

Wanda ba shi da madubi bai rasa kome ba. Ya huda kwali da allura, ko ya ɗaga madambaci, ko ya duba ƙarƙashin darbejiya, zai ga hasken da ke ratsowa ya zama ƙananan jinjirin wata birjik a ƙasa. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala sukutum a kan wannan sura da dalilinta.

SA'AN NAN SAI SALLA

Da zarar an tabbatar husufi ya kama, sai a kawar da madubi a kulle shi, a yi alwala. Husufin sashe yakan kai sa'a biyu ko fiye, saboda haka akwai lokacin kallo kafin salla da bayanta.

A mazhabar Malikiyya wannan salla sunna ce mai ƙarfi, ko dukan rana ce ta rufe ko sashenta, sai fa in abin ya yi ƙanƙanta ainun. Ana yin ta ne bisa gani, ba bisa sanarwa kaɗai ba. Lokacinta a mashhurin zance daga ɗagowar rana ne zuwa zawali. Husufin da ya zo bayan haka, kamar na 2013, sai a dage da addu'a da sadaka, ko da yake Shafi'awa suna sallatarsa a kowane lokaci. Babu kiran salla, babu iƙama. Raka'a biyu ce, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu da sujada biyu, karatu kuma a asirce. A tsayuwar farko a karanta Fatiha da kamar tsawon Baƙara, a yi dogon ruku'u, a ɗago a sake Fatiha da kamar Ali Imrana, a sake ruku'u, sa'an nan sujada. A raka'a ta biyu kamar Nisa'i da Ma'ida. Liman ya duba halin mamu, ya taƙaita in akwai masu rauni. Wanda ya riski ruku'u na biyu ya sami raka'a. Babu huɗuba, amma liman yana iya yin wa'azi. Littafin Risala ya nuna cewa wanda ya so yana iya yin ta a gida, saboda haka mata da tsofaffi ba a bar su a baya ba. Nana Asma'u 'yar Abubakar ma ta halarci ta Madina, ta yi ta tsayuwa har jiri ya ɗebe ta.

Idan an sallame rana ba ta washe ba, ba a maimaita sallar, sai a ci gaba da zikiri, a miƙa wa yara abin sadaka su kai wa mabukata da hannunsu. Yaron da ya ga husufi a kan kwali da lafiyar idonsa, ya kuma tsaya bayan ubansa a sahu, ya sami ilmi biyu a yini guda, ba kuwa zai manta da su ba.

Allah ya tsare idanun bayinsa, ya haskaka zukatansu, ya sa a cika da imani. Allah shi ne Masani. Wassalamu alaikum.