"An Rage Haraji": Nazari a Kan Wata Gajeruwar Jimla

Gabatarwa

Wannan 'yar maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wata jimla mai kalmomi uku, wadda duk mai sauraron labaran duniya a gidajen rediyon Hausa ya sha jin ta, watau "An rage haraji." Na zaɓe ta ne domin mu ɗalibai, musamman masu sha'awar fassara da aikin jarida, wata rana a hannunmu irin wannan jimla za ta faɗo. A ido jimlar ta cika, babu kuskuren nahawu a cikinta. Sai dai ta ɓoye abubuwa biyu waɗanda su ne ƙashin bayan muhawarar: wanda aka rage wa, da wanda zai cike gurbin abin da aka rage. Zan yi amfani da abin da ya faru a Amurka tsakanin 2001 da 2013 a matsayin misali, saboda a can an yi wannan gardama a fili, kuma alƙalumanta suna nan a rubuce.

Kalmar "haraji" a kunnen Bahaushe

Mu da muka koyi Hausa a aji mukan ɗauki kalma kamar yadda ƙamus ya ba mu ita, alhali kuwa kalma tana tafe da tarihinta. Haraji kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci. A zamanin Turawa da na En'e, idan aka ce haraji ana nufin kuɗin da ake ɗora wa kowane namiji baligi a shekara, dagaci da mai unguwa su bi gida gida suna karɓa. Jangali kuma shi ne na shanu. Manomi kan sayar da hatsinsa ko akuyarsa don ya biya, wani ma ya bar gari. Shi ya sa jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta daɗe tana sukar yadda ake karɓarsu, kuma da PRP ta ci zaɓe a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su.

Ke nan idan dattijo a kasuwa ya ji an ce shugaban wata ƙasa ya rage haraji, abin da zai zo masa a rai shi ne an sauke wa talaka kaya. Ba lallai ne haka abin yake ba.

Abin da ya faru a Amurka

A shekarar 2000 gwamnatin tarayyar Amurka ta samu rarar dala biliyan 236, wato abin da ta tara ya fi abin da ta kashe. A watan Janairun 2001 ofishin kasafin kuɗi na majalisar ƙasar ya yi hasashen cewa rarar za ta kai dala tiriliyan 5.6 cikin shekara goma. Hujjar sabon shugaba George W. Bush mai sauƙin fahimta ce: tun da kuɗi sun yi saura, an karɓi fiye da kima ke nan daga hannun jama'a, sai a mayar musu da abinsu. A watan Yunin 2001 ya sa hannu a dokar farko, wadda aka ƙiyasta za ta rage wa baitulmali dala tiriliyan 1.35. A 2003 aka ƙara da ta biyu. Ita wannan da ƙyar ta tsallake majalisar dattawa, don ƙuri'u sun yi kankankan, hamsin da hamsin, sai da mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya raba gardama.

To, me aka rage? A can harajin kuɗin shiga hawa hawa ne. Kason farko na abin da mutum ya samu ana cire masa kaɗan, abin da ya haura wani mataki a cire masa fiye da haka, har zuwa matakin ƙoli. Dokokin Bush sun ƙirƙiro sabon mataki na kashi 10 cikin ɗari a ƙasa, aka aika wa masu biyan haraji cakin dala 300, ma'aurata kuma dala 600. An kuma ninka rangwamen da ake yi wa iyaye a kan kowane yaro daga dala 500 zuwa 1,000. A sama kuwa, matakin ƙoli ya sauko daga kashi 39.6 zuwa kashi 35, harajin ribar hannun jari ya koma kashi 15, sannan aka yi ta rage harajin gado, wanda dama sai manyan masu dukiya yake shafa.

Mu ɗan yi lissafi. Bambancin 39.6 da 35 shi ne 4.6. Attajirin da ke da dala miliyan ɗaya a matakin ƙoli ya tsira da dala 46,000 ke nan a kowace shekara, daga wannan sauyi kaɗai. Leburan da ya karɓi cakin dala 300 shi ma an rage masa. Jimlar "an rage haraji" ta haɗa su biyun a tabarma ɗaya. Har ila yau, akwai wani harajin da ake cirewa daga albashi don asusun fansho, kashi 6.2 cikin ɗari, wanda ga masu ƙaramin albashi da yawa ya fi harajin kuɗin shiga nauyi. Shi wannan dokokin biyu ba su taɓa shi ba.

Adalci ne a kawo hujjar magoya baya. Suna cewa masu kuɗi su ke biyan kaso mafi tsoka na harajin kuɗin shiga tun asali, don haka duk ragin da aka yi dole ya fi yawa a wajensu. Wanda bai ɗauki kaya ba, me za a sauke masa? Suna kuma cewa idan aka bar wa mai jari kuɗinsa zai buɗe masana'anta ya ɗauki ma'aikata. Masu zafin ra'ayi a cikinsu, masu bin tunanin masanin tattalin arziki Arthur Laffer, har cewa suke ragin zai bunƙasa kasuwanci ta yadda gwamnati za ta tara fiye da da. Hujja ta farko lissafi ce, ba ni da ja a kanta. Ta ƙarshen ce alƙaluma ba su mara wa baya ba.

Giɓi

A 2002 rara ta ɓace, aka samu giɓin dala biliyan 158. A 2003 ya kai biliyan 378, a 2004 kuma biliyan 413. Ba ragin haraji kaɗai ya jawo haka ba. Tattalin arziki ya yi rauni a 2001, ga yaƙin Afghanistan, ga na Iraƙi da aka fara a 2003. Amma wannan shi ne ainihin abin da masu suka ke nunawa: an shiga yaƙi biyu, ba a ƙara ko sisi a haraji ba, an ma sake ragewa.

Ina son kalmar da Hausa ta zaɓa a nan. Giɓi shi ne wurin da haƙori ya fita, ko inda katanga ta zube. Abu ne da ake gani, kuma yana jiran a cike shi. Gwamnati na cike giɓinta da rance, rance kuma yana tafe da kuɗin ruwa. Gaskiya ne bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba kowane giɓi ne laifi ba. Ƙasar da ta ci bashi ta gina tashar lantarki ta bar wa jikoki abin da za su biya da shi. Amma idan an ci bashin ne don a rage wa wani haraji yau, to gobe sai ɗayan biyu: ko a ƙara wa wani, ko a rage abin da ake kashewa a makaranta da asibiti. Wanda ɗansa ke makarantar gwamnati shi zai fi ji a jikinsa. A nan ne karin maganar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi take shigowa.

An tsara dokokin ne su ƙare a ƙarshen 2010. Da lokacin ya zo, Shugaba Barack Obama, wanda ya soke su lokacin yaƙin neman zaɓe, ya tsawaita su da shekara biyu. A Janairun 2013 aka tabbatar da mafi yawansu, aka mayar da kashi 39.6 a kan wanda ke samun fiye da dala 400,000 kawai. Duk tsawon cinikin nan, babu ɓangaren da ya ce a mayar wa kowa da kowa harajinsa na da. Rigimar ita ce a ina za a ja layi.

Komawa ga nahawu

Mu dubi waɗannan jimloli: "Haraji ya ragu." "An rage haraji." "Gwamnati ta rage wa attajirai haraji." A ta farko aikatau ɗin yana aji na bakwai a tsarin Parsons, sai ka ce harajin ne ya ragu don kansa, kamar ruwan tafki da rani. A ta biyu aikatau ɗin na aji na huɗu ne, akwai mai aikatawa, amma "an" ta lulluɓe shi. Sai a ta uku ne 'yar ƙaramar kalmar nan "wa", ko "ma" a wasu kare-karen harshen, ta tilasta wa mai magana ya kawo karɓau kaikaitau, ya faɗi sunan wanda ya amfana. A ganina mai fassara labari bai gama aikinsa ba sai ya kai jimlarsa ga siga ta uku, ko da kuwa zai ƙara layi biyu.

Ga aikin gwaji daga gida Najeriya. A ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu. A cikinsu an yafe harajin kuɗin shiga a kan naira 800,000 na farko a shekara, matakin ƙoli ya zama kashi 25, harajin saye da sayarwa da aka fi sani da VAT kuma ya tsaya a kashi 7.5 bayan majalisa ta ƙi amincewa da ƙarin da aka nema. Mai karatu ya rubuta wannan labari cikin jimla uku, kowace da "wa" a cikinta, sau ɗaya da "yafe", sau ɗaya da "ƙara", sau ɗaya da "ɗora". Sannan ya duba a wace jimla ce mai tura baro a kasuwa, wanda ba ya karɓar albashi amma yana sayen katin waya, ya fito.