KIFI A TUKUNYAR IYALI

A gidaje da yawa, in an dafa kifi, maigida ake zuba wa tsoka, yara kuwa sai romo. Wannan kuskure ne, gama yaro mai tasowa, da mace mai ciki ko mai shayarwa, sun fi kowa bukatar abinci mai gina jiki. Tuwo yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai bai isa ya gina tsoka da jini ba. Kifi yakan cike wannan giɓi, domin kusan kashi 1 cikin 5 na tsokar ɗanyen kifi abin gina jiki ne. Busasshe ya fi haka nesa, tun da ruwansa ya fita.

Allah ya hore wa ƙasarmu kifi. Akwai tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, da kuma Tafkin Kainji wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968. Amma kada uwargida ta ce sai babban kifi. Ƙananan busassun nan masu arha, waɗanda ake ci har da kai da ƙaya, suna ɗauke da abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙora, wanda mai cin tsoka zalla ba ya samu sosai. A tsince su, a wanke, a shanya su bushe ƙarau, sa'an nan a daka a tankaɗe. Garin sai a adana a kwalba mai murfi. A riƙa zuba cokali 2 ko 3 a miyar kuka ko ta kuɓewa. Jaririn da ya cika wata 6 ma ana iya sa masa ƙaramin cokali 1 a abincinsa, a dafa tare, muddin an tankaɗe babu sauran ƙaya.

Kifin teku mai maiƙo, irin su taitus da shawa, mansa yana taimakon zuciya da ƙwaƙwalwa. Likitoci suna ba da shawarar a ci kifi sau 2 a mako.

Wasu suna cewa wai haɗa kifi da nono yana kawo kuturta. Ba haka ba ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, kuma tana da magani a asibiti.

Abin tsoro na gaske yana kasuwa. Akwai 'yan kasuwar da ke yayyafa wa banda maganin ƙwari don kada ta ɓaci, wannan kuwa guba ce. In kun ji warin magani, kada ku saya, kome arharta. Ɗanyen kifi kuma a duba idonsa garau ne, a danna tsokar da yatsa. In gurbin yatsan bai komo ba, a bar wa mai shi kayansa.