Yadda Ake Zaɓen Mariƙin Madubi Ga Bindigar Harbin Nesa

A gasar harbin nesa ta Precision Rifle Series, wadda aka fara a Amurka a 2012, akan ba maharbi kamar minti ɗaya da rabi ko biyu ya saki harsashi wajen goma kan faranten ƙarfe da aka kakkafa daga yadi 300 har fiye da yadi 1,000. Madubin hangen nesa da ke bisa irin wannan bindiga yakan haura dala 3,000, nauyinsa kuma ya wuce kilo guda. Abin da ke riƙe da shi ɗan guntun alminiyam ne da bai cika tafin hannu ba, wato mariƙi. Lissafin ba shi da tausayi: in tazarar da ke tsakanin zobban mariƙin milimita 100 ce, sai madubin ya goce da milimita 0.03 a gefe guda, abin da bai kai kaurin silin gashi ba, harsashi zai kauce da santimita 30 a nisan mita 1,000. Farantin da ake bara a can sau da yawa faɗinsa bai wuce hakan da wani abin kirki ba.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ba su fara da tambayar wane kamfani ya fi suna. Da ma'auni suke farawa.

Awo na farko shi ne kaurin gangar madubi, kuma nan babu ciniki. Madubin farauta na da can inci ɗaya ne ko milimita 30. Manyan madubban gasa na yau, irin su Schmidt & Bender PM II 5-25x56 da Nightforce ATACR 7-35x56 da Kahles K525i, milimita 34 ne. Leupold Mark 5HD milimita 35 ne, Zero Compromise kuma 36. Zoben 35 a kan gangar 34 ba zai kama ba komai ɗaurin da aka yi masa, na 34 a kan gangar 35 kuwa matse ta zai yi har ya lotsa ta. Sai a duba takardar madubin, a kuma auna tsawon miƙaƙƙen wurin da ke gaba da bayan mamurɗan saiti, domin nan ne zobba za su zauna. Wasu gajerun madubbai wurin ɗan kaɗan ne, mariƙi mai faɗin zobe ba ya samun wurin zama.

Daga nan sai a leƙa bayan bindigar. Kusan duk bindigar harbin nesa ta zamani tana da layin Picatinny, doguwar shimfiɗa mai tsage-tsage wadda rundunar Amurka ta tsayar da ƙa'idarta a 1995 da lambar MIL-STD-1913, sunan kuma daga ma'aikatar makamai ta Picatinny da ke jihar New Jersey ya fito. Faɗin kowace tsaga milimita 5.23 ne, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar ta gaba kuma milimita 10 da 'yan kai. Tsohon layin Weaver yana kama da shi a ido, amma tsagarsa milimita 4.57 ce kuma tazarar ba ta da tsayayyar ƙa'ida, don haka haƙorin mariƙin Picatinny ba ya shiga cikinta. In layin da noti aka ɗaura shi, kamar yadda yake a dangin Remington 700, to shi ma abin dubawa ne. Maƙeran bindiga sukan sauya ƙananan notuna masu lamba 6-48 da masu kauri 8-40, wasu har su ƙara fil, domin mariƙin dala 500 ba zai hana layi mai girgiɗi motsi ba.

Sai zaɓi tsakanin zobba biyu masu zaman kansu da mariƙi ɗan gaba ɗaya. Zobba sun fi sauƙin nauyi da kuɗi, ana kuma iya matsar da kowanne inda ake so, shi ya sa maharban dawa masu hawan tsaunukan Idaho da Montana suka fi son su. Raunin su shi ne daidaitonsu ya dogara ga miƙewar layin da ke ƙasa. In layin ya ɗan lanƙwasa, zobe na gaba da na baya ba za su kalli juna sosai ba, gangar madubi ce za ta sha wahalar. Ɗan gaba ɗaya kuwa daga dunƙule guda aka sassaƙo shi, ramukan biyu a layi ɗaya aka huda su, kuma ana iya cire shi da madubinsa a mayar ba tare da saiti ya yi nisan gocewa ba. Ga mai gasa da bindiga mai kilo takwas ko tara, ƙarin giram ɗari ko ɗari biyu ba abin damuwa ba ne, ɗan gaba ɗaya ya fi dacewa da shi. Bindiga irin ta AR ita ce mai buƙatar mariƙi mai miƙa wuya gaba, saboda ba a ɗora ƙafa ɗaya kan jikin bindiga ɗaya kuma kan mariƙin hannu na gaba. Ɓangarori biyu ne daban, kowanne da motsinsa.

Tsayi ne wurin da aka fi yin asarar kuɗi. Ana auna shi daga saman layi zuwa tsakiyar ganga, amma wasu kamfanoni zuwa ƙasan zobe suke aunawa, kuma kalmomin gajere da matsakaici da dogo da ake rubutawa a kwali ba su da ma'ana ɗaya tsakanin kamfani da kamfani. Lamba ake nema. Madubin da aka rubuta masa 56, gilashin gabansa ne milimita 56, amma bakin da ke riƙe da gilashin yakan kai 62 zuwa 65, murfi kuma ya ƙara 'yan milimita. Rabin wannan, wato kamar 33, shi ne abin da ke saukowa ƙasa daga tsakiyar ganga. In bakin madubin a kan siririn bututun bindiga zai rataya, inda layi ya riga ya ƙare, tsayin milimita 28 zuwa 30 yakan isa. In kuwa layin ya zarce har gaba a miƙe, kamar yadda yake a bindigogi masu gangar jiki ta alminiyam, to sai milimita 38, wato inci ɗaya da rabi.

Tsofaffin maharba sun taso da koyarwar cewa a sassauko da madubi iyakar iyawa. Wannan ta yi daidai a zamanin ƙotar itace wadda ba a iya ɗaga wurin ɗora kunci. Yau ƙota na da makarin kunci mai hawa da sauka, manhajar lissafin harsashi kuma tsayin madubi kawai take so a faɗa mata ta gyara sauran. Maharbin da ke harbi daga kan shinge ko tulin duwatsu, a durƙushe ko a tsaye, ya fi samun sukuni in kansa a miƙe yake, ba ya dunƙule wuya yana leƙe ta saman ido. Gwajin mai sauƙi ne: ya rungumi bindiga ido a rufe, ya ɗora kunci yadda ya fi masa daɗi, sannan ya buɗe. In sai ya ɗaga kai ko ya danna fuska kafin ya ga cikakken hoto, tsayin bai yi ba. A duba kuma hannun ɗana harsashi, kada ya riƙa gogar bayan madubi in an ɗaga shi.

Bayan tsayi sai gangare, wanda shi ne ya fi rikita sabon shiga. Madubi na da iyakar hawa da saukar da mamurɗinsa zai iya yi. A ce duka-duka mil 30 ne a ma'aunin kusurwa. In mariƙi a shimfiɗe yake, saitin mita 100 zai faɗo kusan tsakiya, rabi ya tafi a banza, 15 kaɗai suka rage na ɗagawa. Mariƙi mai gangare yana ɗan sunkuyar da gaban madubi ƙasa, ya dawo da wani kaso na abin da aka yi asara. Wanda aka fi sani shi ne MOA 20, wani ma'aunin kusurwar, daidai da mil 5.8 ke nan, sai mai 15 ya koma yana da kusan 21. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fitar a 2007, yana buƙatar mil takwas zuwa tara a yadi 1,000, .308 Winchester kuma wajen 11. Ga waɗannan MOA 20 ya wadatar har da saura. Masu gasar ƙaramin harsashi .22, wanda ke faɗuwa da fiye da mil 10 tun a yadi 300, su ne ke neman MOA 30 ko 40.

Tarkon yana nan: bindigogi da dama da gangarensu suke zuwa. Ruger Precision Rifle, alal misali, layinta na da MOA 20 tun daga masana'anta. Wanda ya ɗora mata mariƙi mai wani MOA 20 ya tara 40 ke nan, kuma in madubinsa ba mai yalwar juyi ba ne, zai murɗa har ƙarshe bai sauko kan saitin mita 100 ba. Jimillar gangaren layi da na mariƙi ya kamata ta gaza rabin juyin madubin da ɗan rata mai kyau. Kamfanin Recknagel na Jamus yana yin mariƙin Era-Tac mai gangaren da ake sauyawa daga sifili zuwa MOA 70, abin sha'awa ga masu harbin nisan tafiyar mil guda da ƙari, amma mai harbin yadi 1,000 bai da abin yi da shi.

Sai a nan ne maganar kamfani ke shigowa. Spuhr na ƙasar Suwidin, wanda Håkan Spuhr ya kafa, ya yanka zobbansa a karkace da digiri 45 don kada notuna su tare wa maharbi ganin lambobin mamurɗi, ya saka ɗan ma'aunin lebur a bayan mariƙin, ya kuma bar ramuka a jiki don ɗaura ƙarin kaya. Lambar samfurinsa ma bayani ce: a SP-4602, 4 na nufin ganga 34, 6 gangaren mil shida, tsayinsa kuma milimita 38. American Rifle Company ya bi wata hanya, zobensa mai ƙyaure ne da noti guda a sama, ɗaurinsa ba ya juya madubi. Nightforce na garin Orofino yana haɗa alminiyam da notunan titaniyam. Badger Ordnance ya daɗe yana yi wa sojojin Amurka aiki. Ga kuma Masterpiece Arms da Hawkins Precision da Area 419 da Seekins. Galibin manyan da alminiyam 7075-T6 ake yin su, wanda ƙarfinsa ya kusa ninka na 6061-T6 da ake samu a masu araha. A wannan mataki bambancin riƙo tsakaninsu kaɗan ne, abin da ya rage shi ne wanne ke da tsayi da gangaren da awo ya nuna, da ko mutum na buƙatar wurin ɗaura ƙaramin madubi mai jan ɗigo ko na'urar awon nisa. A guji na jabu, waɗanda suka cika kasuwannin intanet da tambarin Spuhr da Badger a kashi ɗaya cikin goma na kuɗin. Don bindigogin wasa aka yi su.

Kuma mariƙin da ya fi kowanne tsada zai ba da kunya in aka ɗaura shi da ka. A goge mai daga layi da cikin zobba da jikin ganga. A ɗora mariƙi, a tura shi gaba har haƙorinsa ya jingina da bangon tsaga kafin a ɗaure, saboda in bindiga ta yi baya da ƙarfin harbi, nauyin madubi gaba yake son zarcewa. A sa madubi a kan ƙarfin zuƙowa mafi girma, inda tazarar ido ta fi tsauri, a matsar da shi gaba ko baya har hoto ya cika a yanayin da aka saba harbi. Sannan a rataye zare mai ɗauke da nauyi can nesa kaɗan, a daidaita tsayayyen layin gicciyen saiti da shi yayin da lebur ɗin mariƙi ke nuna daidai. Karkata ba ƙaramin abu ba ce: maharbin da ya ɗaga mil tara, bindigarsa kuma ta kwanta da digiri uku, zai kauce gefe da kusan rabin mil, fiye da santimita 40 a yadi 1,000.

Ɗauri kuma da sukudireba mai awon ƙarfi ake yi, irin su Fix It Sticks ko Wheeler. Kowane kamfani da lambarsa. Vortex ya ce inci-fam 15 zuwa 18 a kan notunan zobe. Spuhr ya ba da 15 zuwa 25 a zobe da 45 a notunan da ke kama layi. Nightforce na ɗaure notin ƙasa a 68. In lambar mai madubi da ta mai mariƙi suka saɓa, a bi ƙaramar, domin ganga siririya ce, kuma matsi fiye da kima yana cije kayan cikinta, mamurɗin gyaran hoto ya yi tauri ko saiti ya daina bin lamba. A riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ana lura da ratar gefe biyu ta zama daidai. Man liƙe noti, in ba kamfanin ne ya ce a sa ba, a bar shi, don kafin ya bushe santsi yake ƙarawa, sai notin ya matse fiye da abin da ma'auni ya nuna. Gurzar cikin zobe da aka saba yi wa masu araha ba a yi wa manyan mariƙai.

Daga ƙarshe sai filin harbi. A ɗiga alamar fenti ko fensir a inda ganga ta haɗu da zobe, in madubi ya zame za a gani. A kafa dogon allo a mita 100 mai miƙaƙƙen layi a tsaye, gwajin da masanin harsashi Bryan Litz ya yayata, a harba uku a ɗigon ƙasa, a ɗaga mamurɗi mil 10 ana ci gaba da barar ɗigon nan, a sake harba uku. Rukuni na biyu ya kamata ya sauka mita ɗaya cif a sama da na farko, kuma a kan layin. In ya kauce hagu ko dama, gicciyen bai zauna daidai da lebur ba, sai a sassauta zobba a sake juya madubin.