Dabarar da ta yi tafiya daga birni zuwa birni

Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya san yadda hanya take cika da safe. Ga taksi, ga faba-faba, ga babura, ga masu tafiya ƙasa, kowa yana neman wurin wucewa. A bakin gadar Kennedy mota takan daɗe tsaye, tana ƙona mai a banza, hayaƙi yana shiga ƙirjin mutane. Ma'aikaci ya makara, ɗan makaranta ya makara, mai ciwo ya daɗe bai isa gidan likita ba.

Dalili shi ne birane suna girma da sauri. A ƙidayar 1977 mutanen Yamai ba su kai 250.000 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 1. Haka abin yake a ƙasashe da yawa. Yau fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune, kuma damuwarsu kusan iri ɗaya ce: ruwan sha, shara, ambaliya da cinkoson hanya. Saboda haka magadan gari suke kai wa juna ziyara, su ga yadda wani ya yi maganin abin da ke damunsu. A wannan darasi za mu bi sawun dabara guda, mu ga yadda ta ratsa birane biyar cikin shekara 50.

1. Kuritiba

Kuritiba birni ne a kudancin ƙasar Birazil. A 1971 aka naɗa Jaime Lerner magajin garin. Shi masanin zanen gine-gine ne. Birane masu arziki, irin su Paris da Landan, sun haƙa wa jirgi hanya a ƙarƙashin ƙasa don ɗaukar jama'a. Wannan aiki yana da tsada ƙwarai, Kuritiba kuwa ba ta da kuɗin. Sai Lerner da abokan aikinsa suka ware tsakiyar manyan hanyoyi, suka ce ba mai bin wurin sai motocin safa. A 1974 aka fara.

Daga baya suka ƙara gyara. A 1991 suka gina tashoshi inda mutum yake biyan kuɗi tun kafin mota ta iso. Daɓen tashar daidai yake da ƙofar mota, don haka tsoho da gurgu suna shiga ba tare da hawa ba. A 1992 suka kawo dogayen motoci masu gaɓa uku, kowace tana iya ɗaukar mutum wajen 270. Suka kuma bada izinin gina dogayen benaye a gefen waɗannan hanyoyi, domin mutane da yawa su zauna kusa da tasha.

Abu uku ke nan suka sa motar take sauri: tana da hanyarta ita kaɗai, ba ta jiran a biya kuɗi, kuma shiga da fita ba wuya.

2. Bogota

Bogota ita ce babban birnin Kolambiya, tana bisa tsaunuka. Ta fi Kuritiba yawan jama'a nesa ba kusa ba. A zamanin magajin gari Enrique Peñalosa aka ɗauko dabarar Kuritiba, aka buɗe hanyar farko a watan Disamba na 2000. Mutanen Bogota sun ƙara nasu tunani: sun faɗaɗa hanyar, yadda motar da ke tafiya nesa za ta wuce wadda ta tsaya a tasha. A 2019 motocin suna ɗaukar fasinja fiye da miliyan 2 a rana. Cinkoso ya yi yawa cikinsu, har birnin ya shiga gina hanyar jirgi don ya rage musu nauyi.

3. Legas

Legas, wadda fatakenmu suke kira Ikko, ta yi suna wajen cinkoso. Dubban direbobi suna cin abinci da ƙananan motocin haya. Da suka ji za a kawo sabon tsari, sai suka ji tsoro kada a raba su da sana'arsu. Hukuma ta ɗauki shugabannin ƙungiyarsu ta kai su Kudancin Amurka, suka gani da idonsu. Gani ya kori ji. Da suka komo, aka sa ƙungiyar cikin aikin, ta ci bashin banki ta sayi manyan motoci.

A watan Maris na 2008 aka buɗe hanya mai tsawon kilomita 22, daga unguwar Mile 12 zuwa tsibirin Legas. Ba a yi ta daidai da ta Bogota ba. An ware gefen hanya da ɗan guntun shingen siminti, an yi tashoshi masu sauƙin kuɗi. Mutanen Legas sun auna ƙarfinsu, suka yi abin da za su iya.

4. Darussalam

Darussalam birni ne a bakin teku, a ƙasar Tanzaniya. A watan Mayu na 2016 ta buɗe tata hanyar, mai tsawon kilomita 21. Mutane sun ji daɗinta, don ta rage musu daɗewa a hanya. Amma an yi kuskure guda: an gina wurin kwanan motocin a Jangwani, cikin kwarin wani gulbi. A 2018 ruwa ya yi ambaliya, ya shiga wurin, ya lalata motoci da dama. An kwaikwayi hanya da tasha da kyau, an manta da duba inda ruwan garin yake bi.

5. Dakar

Dakar, babban birnin Senegal, tana bisa wani siririn tsiri da teku ya kusan kewayewa. Masu aiki a tsakiyar gari da yawa suna kwana a unguwannin nesa. A 2024 aka buɗe hanya mai kilomita 18 da tasha 23, daga Gejawai zuwa tsakiyar birni. An tsara ta don tafiyar da ke cin minti 95 ta koma minti 45. Motocin Dakar da lantarki suke aiki, ba su shan mai, ba su fitar da hayaƙi. Kowace tana ɗaukar mutum wajen 150.

6. Inda birane suke haɗuwa

Birane suna da ƙungiyoyi na duniya. A 2004 aka kafa ƙungiyar birane da ƙananan hukumomi mai suna CGLU. Cibiyarta tana Basalona, a ƙasar Sifen, reshenta na Afirka yana Rabat, a ƙasar Maroko. A 2005 magajin garin Landan, Ken Livingstone, ya tara manyan birane don su yi shawara bisa canjin yanayi. Daga nan ƙungiyar C40 ta samo asali, kuma biranen nan biyar duk sun shiga cikinta. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida manufofi 17 na ci gaba mai ɗorewa. Ta 11 a kan birane take magana.

7. Abin da za mu riƙe

Dabara ɗaya ce, amma kowane birni ya gyara ta daidai da ƙasarsa, da yawan jama'arsa, da aljihunsa. Inda aka yi shawara da masu sana'a, aiki ya tafi. Inda aka manta da hanyar ruwa, an yi asara.

Ba kowane gari ke bukatar dogayen motoci yau ba. Amma Maraɗi, Damagaram da Tawa suna girma, kullum ana yanka sabbin filaye. In an bar hanya mai faɗi tun yanzu, jikokinmu za su sami inda motarsu za ta bi, ba sai an rushe gidan kowa ba. In an bar wa ruwa kwarinsa, ba zai nemi hanya ta cikin ɗakuna ba. A 2020 kogin Kwara ya karya madatsa a Yamai, ya cinye unguwanni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kalmomi

Motar safa: babbar mota mai ɗaukar fasinja da yawa.
Magajin gari: shugaban hukumar birni.
Ambaliya: ruwan da ya cika ya wuce iyakarsa.
Ci gaba mai ɗorewa: biyan bukatun yau ba tare da an ɓata wa ƴan baya nasu rabo ba.

Tambayoyi

1. Me ya hana Kuritiba haƙa wa jirgi hanya a ƙarƙashin ƙasa?
2. Kawo abu uku da suke sa motar Kuritiba sauri.
3. Don me direbobin Legas suka ji tsoro? Yaya aka kwantar musu da hankali?
4. Wane kuskure aka yi a Darussalam?
5. Da me motocin Dakar suka bambanta da sauran?

Aiki

a) Nemi biranen nan biyar bisa taswirar duniya, ka haɗa su da zare bi da bi.
b) Motar Dakar tana ɗaukar mutum 150. Babur yana ɗaukar mutum 2. Babur nawa ake bukata don a kwashe fasinjan mota 4?
c) Ku zaga unguwarku tare da malam. Ku zana inda ruwa yake bi da damina, da inda hanya ta ƙuntata. Ku rubuta wa hukumar garinku gajeriyar wasiƙa bisa abin da kuka gani.