Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba

Tambaya: Duk sanda jikin ɗana ya yi zafi, kemis nake zuwa in sayo maganin maleriya. Dole ne sai na kai shi asibiti? Daga wata uwa a Illela.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Zafin jiki alama ce kawai. Ciwon huhu, taifot, har sanƙarau da ya addabi Sakkwato da Zamfara a 2017, dukkansu da zazzaɓi suke farawa. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Ma'aikaciya za ta tsira masa allura a yatsa, ta ɗiga jinin a ɗan katin gwaji, kafin minti 20 a ga layi ɗaya ko biyu. Sannan a auna nauyinsa, domin da nauyi ake yanke yawan ƙwayar, abin da mai kemis ba kasafai yake yi ba.

Za ki ce akwai dogon layi, kuma bara da maganin kemis ya warke. To, a damina sau da yawa cankin yakan dace, amma ranar da bai dace ba, ainihin cutar ta samu kwana uku tana cin yaro. Balle ƙwayoyin da ke shan rana a faranti tsakanin Illela da Ƙwanni, har da kulorokwin da Najeriya ta daina dogaro da shi tun 2005.

In gwaji ya nuna maleriya, ki cika masa kwana ukun shan maganin ko da ya tashi yana wasa. In kuwa ya fara jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya kasa shan komai, ki wuce babban asibitin Illela ko da tsakar dare ne.